Tambaya: ta yaya zane da tattaunawa ke taimaka wa mutum ya san kansa, ya kuma karɓi kansa?

Mai Neman Sani ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san harkar lafiyar ƙwaƙwalwa ce. Ana yawan cewa jinya ta hanyar tattaunawa da jinya ta hanyar zane suna taimaka wa mutum ya fahimci kansa, ya daina tsanar kansa. Amfanin tattaunawa dai ana iya hango shi, ko ba komai mutum ya amayar da abin da ke cikinsa. Zanen ne ya shige mini duhu. Me ake yi a zahiri idan an shiga ɗakin? Ƙwararren zai duba zanen ne ya faɗi abin da ke damun mutum, kamar yadda likita ke karanta hoton ƙirji? Wanda ko da'ira bai iya zanawa ba fa?

Sai kuma wannan magana ta "karɓar kai". Ba tana nufin mutum ya miƙa wuya ga munanan halayensa ya ce haka nake, a bar ni ba? Don Allah ina son bayani dalla-dalla: zama nawa, minti nawa, da wane kayan aiki, kuma a ina abin yake lalacewa.

Malama Alli da Yumɓu ta amsa:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Zan fara da maganar hoton ƙirji, domin nan ne akasarin mutane ke yin kuskure. Ƙwararren ba ya karanta zane. Babu wani jadawali abin dogaro da ya ce ja fushi ne, baƙi baƙin ciki ne, ƙaramin gida kaɗaici ne. Wani zai shafa ja don yana tuna masa jini, wani don shi ne launin da ya fi so tun yana yaro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kika ga wanda ya karɓi takarda ya kalla na minti ɗaya ya fara zayyano wa mai ita sirrin zuciyarta, to wannan bai san aikin ba, kuma yana iya cusa wa mutum labarin da ba nasa ba.

Sunan wannan fanni na jinya ta hanyar zane ya samo asali ne daga wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, a 1942, bayan ya lura da yadda zane ke sauƙaƙa wa masu jinyar tarin fuka zaman asibiti. A Amurka kuma mata biyu ne suka kafa ginshiƙansa, kuma ra'ayinsu ya ɗan bambanta. Margaret Naumburg na ganin zane ƙofa ce da ɓoyayyen abu ke fitowa ta cikinta, sannan a tattauna a kansa. Edith Kramer na ganin yin aikin da hannu shi kansa magani ne, ko ba a yi dogon bayani ba. Yau yawancin masu aikin suna haɗa biyun.

Ga yadda zaman yake. Yawanci minti 50 ne zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako, rana ɗaya lokaci ɗaya. Zama na farko, wani lokaci har na biyu, na sanin juna ne: tarihin damuwar, abin da ake son cimmawa, da iyakar sirri, wato a faɗa wa mutum tun farko cewa abin da ya faɗa zai tsaya a ɗakin sai fa idan akwai haɗari ga ransa ko ran wani. Daga nan kowane zama kan kasu kusan haka: minti biyar zuwa goma na jin yadda makon ya kasance, minti 20 zuwa 25 na aikin hannu, kamar minti 15 na kallon abin da aka yi da magana a kansa, sai minti biyar na ƙarshe na rufewa. Waɗannan biyar ɗin na ƙarshe ba a wasa da su. A cikinsu ake wanke hannu, a mayar da kaya, a rubuta kwanan wata a bayan takarda, a tabbata mutum ya dawo hayyacinsa kafin ya fita titi. Zaman da aka buɗe ciwo a minti na 48 aka ce sai mako mai zuwa, zama ne da aka yi ganganci.

Kayan aiki kuwa, nan ne ilimin yake, kuma nan ne na fi son ki tsaya ki duba. A 1978 wasu masana biyu, Sandra Kagin da Vija Lusebrink, suka tsara bayanin yadda kaya daban-daban ke taɓa mutum. A gefe guda akwai kayan da ke bin umarnin hannu: fensir, biro, yankan hotuna da almakashi a liƙa da gam. Waɗannan suna jan mutum zuwa tunani da tsari, yana ji shi ke riƙe da linzami. A ɗaya gefen akwai kaya masu gudana: fentin ruwa, fentin da ake shafawa da yatsa, jiƙaƙƙen yumɓu. Su ba sa tsayawa inda aka ajiye su, kuma suna saurin taso da abin da ke zuciya. Alli mai maiƙo da gawayi suna tsaka-tsaki. To wanda ya zo zuciyarsa na tafasa, kuka na kusa, ba a miƙa masa fentin ruwa da babbar takarda, domin launin zai malale, hoton ya dagule, shi ma ya dagule tare da shi. Fensir mai launi ake ba shi da ƙaramar takarda girman A4, wani lokaci a zana masa da'ira a tsakiya a ce ya yi aikinsa a cikinta, don ya sami iyaka. Wanda kuma ya zo a ƙulle, komai nasa bayani ne da hujja, ya ce shi ba ya jin komai, shi ake lallaɓawa a hankali zuwa takarda A3 da alli mai laushi ko dunƙulen yumɓu kamar girman dunƙulen hannu.

Iya zane ba sharaɗi ba ne, ba kuma dole sai an zana mutum ko fuska ba. Layi, ɗigo, launi da siffa sun isa. Akwai wani atisaye da wata malamar zane, Florence Cane, ta shahara da shi: a rufe ido a yi ta zirga-zirga da alli a kan takarda na 'yan daƙiƙoƙi, a buɗe, a jujjuya takardar ta kowace fuska har wata siffa ta bayyana, sai a fito da ita da launi. Akwai taswirar jiki: a zana zagayen jiki kawai, a sa launi a duk inda ake jin wani abu, nauyi a ƙirji, ɗaurewa a wuya, sanyi a ciki. Wanda ya fi dacewa da tambayarki shi ne na akwati. A sami ƙaramin kwali mai murfi, a ƙawata wajensa da abin da mutane ke gani game da kai, cikinsa kuma da abin da kake ɓoyewa. Ba a tilasta wa kowa buɗe murfin. Wani sai bayan makonni zai buɗe, kuma ranar da ya buɗe ɗin wani abu ya canza.

Idan an gama, ana jingina aikin a bango a ja da baya kamar taku uku. Ana fara da abin da ido ke gani kafin ma'ana: me kike gani, daga ina kika fara, wane ɓangare ne idonki ke komawa kansa, wane ne ba kya son kallo? Sai daga baya a ce, da wannan baƙin dunƙulen zai yi magana, me zai ce? Ana kauce wa tambayar "me ya sa", don tana sa mutum ya fara kare kansa. Amfanin takardar shi ne abin da yake ciki ya dawo waje. Mutum biyu suna kallon abu na uku maimakon su zuba wa juna ido, kuma faɗin "wannan dunƙulen yana jin kunya" ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan faɗin "ina jin kunya".

Malam Mai Sauraro ya amsa:

Malama ta gama da ɓangaren zane, ni zan ɗauki tattaunawa da tambayarki ta biyu.

Damuwarki a kan karɓar kai tana da tushe, amma abin da ake gani a aikace akasin haka ne. Ki bambanta jimloli biyu: "na yi abu marar kyau" da "ni marar kyau ne". Ta farko tana nuni ga aiki, kuma aiki ana iya gyara shi, a nemi afuwa, a biya abin da aka ɓata. Ta biyu hukunci ne a kan mutum gaba ɗayansa, kuma wanda ya yanke wa kansa wannan hukunci ba ya gyara komai, ɓoyewa yake yi, ko musu, ko ya ɗora wa wani. Karɓar kai ita ce mutum ya iya kallon halinsa ido da ido, ya ce e, ina da saurin fushi, ina da hassada a kan wane, ba tare da ya ruguje ba. Sai an kai nan gyara ke yiwuwa. Masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers ya gina hanyar jinyarsa a kan haka tun shekarun 1940: ƙwararren ya zama mai gaskiya, ya fahimci mutum ta mahangar mutumin, ya kuma karɓe shi ba tare da sharaɗi ba. Wanda aka saurari mafi munin abin da ke ransa ba a yamutsa fuska ba, a hankali yakan koyi yi wa kansa hakan. Wata masaniyar, Marsha Linehan, ita ma ta kafa tata hanyar ne a kan riƙe abu biyu lokaci guda, karɓa da canji.

Kayan aikin tattaunawa suna da yawa, zan kawo uku. Na farko daga hanyar likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ta shekarun 1960: takardar bin diddigin tunani. Ana raba shafi gida biyar: abin da ya faru, tunanin da ya faɗo nan take, abin da aka ji da ƙarfinsa daga 0 zuwa 100, hujjojin da ke goyon bayan tunanin da waɗanda ke karya shi, sai tunani madaidaici da sabon maki. Misali, an aika saƙo ba a amsa ba. Tunani: "ba wanda ya damu da ni". Baƙin ciki 80. Inda ake kuskure shi ne gida na biyar, mutane kan cika shi da daɗin baki irin "kowa na ƙaunata", zuciya kuma ta ƙi yarda. Abin da ake nema jimla ce da mutum zai iya rantsuwa a kanta, kamar "ban san dalilin shirunsa ba, kuma jiya mutum biyu sun neme ni". Idan makin ya sauko daga 80 zuwa 55, aiki ya yi. Ba a jiran sifili.

Na biyu daga hanyar wani masanin, Steven Hayes: maimakon gardama da tunanin, a sa tazara. "Ni banza ne" ya koma "ina lura da tunanin da ke cewa ni banza ne". Na uku shi ne kiran abin da ake ji da ainihin sunansa. "Ba na jin daɗi" bai isa ba. Kunya ce, ko takaici, ko kishi, ko kewa? Binciken Matthew Lieberman da abokan aikinsa a 2007 ya nuna cewa sanya wa motsin rai suna yana rage aikin sashen ƙwaƙwalwar da ke kaɗa ƙararrawar tsoro. Nan ne zane da magana ke haɗuwa: zane ya fito da abin da ba shi da suna tukuna, magana ta raɗa masa.

Yawan zama ya danganta da hanya. Irin ta Beck yawanci tsakanin zama 6 ne zuwa 20, masu tono tushen abu tun ƙuruciya kan ɗauki watanni da yawa ko fiye da shekara. Ko wacce ce, a sa manufa da za a iya gani. "Ina son in san kaina" ta yi faɗi. "Ina son in iya cewa a'a ba tare da na kwana ina zargin kaina ba" ita ce manufa.

Inda abin ke lalacewa: zaman ya koma saƙa da warwara, labari ɗaya kowane mako ba abin da ya motsa. Ko mutum ya fahimci komai a baki amma ba ya gwada komai tsakanin zama da zama. Ko ya riƙa faɗin abin da yake zaton ƙwararren na son ji. Ko kuma jininsu bai haɗu ba, wanda ba laifin kowa ba ne, kuma bincike ya daɗe da nuna cewa ingancin alaƙar mutanen biyu na cikin manyan abubuwan da ke nuna ko jinyar za ta yi amfani. Idan an yi zama huɗu ko biyar mutum bai ji ana fahimtarsa ba, ya faɗa a fili. Ƙwararren kirki zai karɓi maganar hannu biyu.

Mai Neman Sani ta sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri Malama, Malam. Saura abu biyu. Wanda ba shi da halin ganin ƙwararre, akwai abin da zai iya yi shi kaɗai? Kuma an ce wasu sukan ƙara jin nauyi bayan sun fara. Alama ce ta a daina?

Ɗan Alƙalami ya amsa:

Akwai, 'yar'uwa, amma a kira shi da sunansa: kula da kai ne, bai kai jinya ba, domin babu mutum na biyu da zai riƙe ki idan abin ya yi nauyi. Saboda haka ake ƙunsa shi cikin iyakoki.

A sami littafin zane marar layi, fensir mai launi ko alli kala 12, da agogo. Sau biyu ko uku a mako, minti 30, kuma ba dab da barci ba. Minti biyu na farko a zauna a daidaita numfashi, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, a ba damuwar maki daga 0 zuwa 10 a rubuta a gefe. Minti 15 a cika shafi da amsar tambaya guda: yau cikina wane irin yanayi ne? Minti uku a ajiye alli a kalla kawai. Minti takwas a rubuta a shafin da ke kallonsa, a fara da "ina ganin", sannan "ina jin", sannan "abin da nake buƙata". A ƙarshe a raɗa wa hoton suna, a sa kwanan wata, a sake ba da maki, a rufe littafin a ajiye shi inda ba mai buɗewa. Idan mutum yana tsoron wani zai gani, ba zai zana gaskiya ba.

Ga mai son rubutu zalla, akwai tsarin masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker na 1986: minti 15 a rana, kwana huɗu a jere, a rubuta zurfin tunani da abin da ake ji game da wani abu mai damuwa, ba tsayawa, ba gyaran rubutu. Kwana huɗu ne, ba wata huɗu ba. Wanda ya mayar da shi aikin kullum a kan ciwo ɗaya, sosa gyambo yake yi.

Game da nauyi: jin ɗan baƙin ciki ko gajiya na awa ɗaya ko biyu bayan an taɓa abu mai zafi abu ne da aka saba gani, yakan wuce. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne makin ya haura 7 ana cikin aikin, ko jiki ya fara rawa, ko mutum ya ji kamar ba ya cikin jikinsa. Nan take a ajiye alli, a dafa ƙafa a ƙasa, a ambaci abu biyar da ake gani, huɗu da ake taɓawa, uku da ake ji da kunne, biyu da ake shaƙa, ɗaya da ake ɗanɗana. Idan barci ya lalace kwana da kwanaki bayan haka, an yi sauri, a koma baya.

Kada kuma a zuzuta abin fiye da hujjarsa. Wani bincike na Girija Kaimal a Jami'ar Drexel a 2016 ya sami raguwar sinadarin damuwa na kotizol a jikin kusan kashi 75 cikin ɗari na mutum 39 bayan minti 45 na aikin hannu. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma mutum 39 ne masu lafiya a zama guda. Hujjojin da ke bayan hanyar Beck sun fi yawa da ƙarfi. Wanda baƙin ciki ya danne shi kusan kullum har mako biyu ko fiye, ya daina jin daɗin komai, ko yake jin muryoyi, ko tunanin kashe kansa ke zo masa, likita zai gani, mai tunanin kashe kansa kuwa a ranar, ba gobe ba. Wanda yake shan magani kada ya ajiye shi don ya fara zane.

Malama Alli da Yumɓu ta ƙara:

Na yarda da tsarin Ɗan Alƙalami, sai dai zan ƙara ƙaimi a wuri ɗaya. Wanda ya taɓa fuskantar mummunan abu, fyaɗe, duka, hatsari, ganin kisa, kada ya zana abin da ya faru shi kaɗai, kada kuma ya yi rubutun kwana huɗun nan a kansa. Hoto ya fi kalma saurin mayar da mutum cikin lamarin. Ko a ɗakin jinya ba da shi ake farawa ba. Ana shafe makonni ana gina abin dafawa tukuna: hoton wurin da mutum ke jin aminci, hoton mutanen da abubuwan da ke ba shi ƙarfi, hoton akwati mai makulli da za a riƙa "ajiye" abin a ciki idan ya taso.

Matsalar da ta fi yawa a gida kuwa ba wannan ba ce, muryar nan ce da ke cewa "dubi shirmen da kika yi". Kada a kore ta, domin ita ce ainihin abin da aka zo nema. Yadda mutum ke yi wa zanensa magana, haka yake yi wa kansa a sauran al'amura. A rubuta kalmominta daidai yadda suka zo a gefen shafi, sannan a tambaya: muryar wa ta yi kama da ita, kuma da ƙawata ce ta yi wannan zanen, haka zan ce mata? Idan ta hana aiki gaba ɗaya, a koma hannun da ba a saba rubutu da shi ba, ko a cire abin gogewa daga tebur, ko a rage lokacin zuwa minti biyar don kada a sami damar gyare-gyare.

Kada a yaga shafin da ba a so, a ninke shi kawai. Kada kuma a ɗora aikin a intanet, domin da zarar an fara jiran yabo, hannu zai koma zana abin da zai burge. Bayan mako shida zuwa takwas a shimfiɗa dukkan shafukan a ƙasa bisa jerin kwanan wata, har da ninkakkun, a duba abin da ke maimaituwa: launin da ba ya ɓacewa, kusurwar da kullum ake bari fara, siffar da ta fara ƙarama tana girma, makin farko da na ƙarshe na kowane zama. A rubuta abu uku da aka lura da su a sabon shafi. Idan daga baya an sami ganin ƙwararre, da wannan littafin za a je zaman farko.